Ƙofar Ma'aikata

Tun da suka zauna shan shayin la'asar Tamsin ba ta ɗaga kai ba.

Gidan Thornleigh na kakannin saurayinta Edmund ne, kafin a sayar a mai da shi otal. Mahaifiyarsa, Misis Ashcombe, ta dage a nan za ta fara ganin budurwar ɗanta. Abin da Tamsin ta ɓoye musu, a ɗakunan ma'aikatan gidan ta girma.

Wadda ta kawo shayin kuwa mahaifiyarta ce.

Suka haɗa ido. Tamsin ta kau da kai.

"Na gode," ta ce, kamar ba ta taɓa ganinta ba.

Uwar ta tsiyaya shayi har ya ɗan zube, ta fice.

"Ma'aikatan yanzu sai a hankali," in ji Cordelia, wata budurwa da ke zaune tare da su, wadda ta daɗe tana harin Edmund. "Zuba shayi ma ya gagara."

Tamsin ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta miƙe wai za ta wanke hannu. Sabo ya ja ta, ta danna katakon bango, ɓoyayyiyar ƙofar ma'aikata ta buɗe.

Duk suka juyo suna kallonta.

"Baƙo bai san wannan ƙofar ba," Misis Ashcombe ta ce a hankali.

Tamsin ta shige ta ƙofar da sauri. A matakalar baya Edmund ya same ta, fuska cikin tafuka.

"Wace ce matar da ta kawo shayin?"

"Mamana..."

"Kika yi mata kallon bare?"

"Tsoro na ji, Ed... kar in rasa ka."

"Aikinta bai dame ni ba, masoyiyata. Abin da kika yi mata ne."

Tamsin ta sauka kicin. Uwar na wanke kofuna, ba ta juyo ba.

"Mama..."

"Baƙi ba sa shigowa nan, ranki ya daɗe."

"Ki yafe mini!"

Uwar ta ajiye kofin da ke hannunta, ta juyo.

"Rigar ta yi miki kyau," ta ce.

Tamsin ta kwance mata rigar aiki, ta kama hannunta. Uwar ta nufi matakalar baya.

"Ba ta nan ba, Mama."

Suka zagaya ta babbar ƙofa. Edmund ya ja wa uwar kujera.

"Wannan ce mahaifiyata," in ji Tamsin.

Cordelia ta taɓe baki. Misis Ashcombe ta daɗe tana duban jiƙaƙƙun hannuwan matar. Sannan ta ɗauki butar shayi da kanta.

"Sukari nawa?"