Sunayen da Seokho Ya Bari

Aiki ne ya kai Pyo Jinwook shagon busasshiyar kanya na gidan Yeo a garin Sangju, amma idonsa a kan Danbi ya tsaya, 'yar mai shagon.

"Shafinmu na intanet ya cika nauyi," in ji ta. "Kafin ya buɗe, mai saye ya gaji ya tafi."

Ya leƙa fayil ɗin da ke tsara kamannin shafin, ya tuntsire da dariya. Kowane sashe da sunansa zungurere: akwatin-da-Baba-ke-faɗa-a-kansa, launin-kuncin-Danbi-in-ta-yi-fushi.

"Wane sarkin surutu ne ya rubuta wannan?"

Murmushi kawai ta yi, shi kuma murmushin ya ɗauke masa hankali. Aikin kwana ɗaya ya ja shi har kaka ta wuce, ba don wahalarsa ba.

Neman burgewa ne ya kai shi ya baro. Wata safiya ya tura mata saƙo:

"Tauraruwata, buɗe ki gani! Na aske sunayen nan kaf, sun koma a, b, c."

"Ka ajiye na asalin?"

"A'a, a kansa na rubuta sabon. Me za a yi da shi?"

Sai ga amsarta:

"Yayana Seokho ne ya rubuta su kafin ya rasu. In kewarsa ta kama Baba, ni nake karanta masa."

Jinwook ya nema har ya gaji, babu kwafi ko'ina. Ya je ya durƙusa a gaban tsohon, mahaifin Danbi.

"Baba, ina sonta."

"Ka goge min ɗa, yanzu kuma 'yar kake so? Tashi ka ba ni wuri."

Danbi ma ta yi fushi, fushi mai ciwo, amma ta kasa daina sonsa. "Laifina ne da ban faɗa masa ba, Baba. Kada ka raba ni da mai rai saboda wanda ya tafi."

A ƙarshe tsohon ya amince, da bazara aka ɗaura auren. Ango da amarya suka sunkuya har ƙasa a gaban tsohon, ya dafa kawunansu.

"Ku zauna lafiya, ku ga jikokinku."

Sai ya matso kusa da kunnen ango.

"Masu saye suna ta yabon aikinka, ɗana. Ni dai ban ƙara buɗe shafin ba."