Malalaci da Waliyyin Manoma

A can wani ƙauye, a zamanin da, an yi wani mutum wanda ko ƙuda ya sauka masa a hanci sai ya jira iska ta kore shi. Wata Lahadi a coci ya ji malami yana ba da labarin Waliyyi Isidor, majiɓincin manoma, wanda in ya duƙufa addu'a mala'iku kan sauko su yi masa huɗa. Gogan naka bai tsaya jin sauran ba.

Da damina ta faɗi, ya ɗaura hoton waliyyin a sanda tsakiyar gona, ya jingina masa fartanya. "Ranka ya daɗe, ga gona, ga fartanya." Ya miƙe a gindin kuka, sai barci. Kashegari ma, ga gona, ga fartanya.

Matarsa ta ce, "Maigida, ciyawa ta cinye gero. Me yara za su ci da rani?"

"Ke ba ki da bangaskiya. Ma'aikatana daga sama suke."

Kaka ta yi, maƙwabta na jidar dammuna, shi ko zangarniya babu. Ya tafi wurin malamin a fusace. "Malam, waliyyinka ya cuce ni!"

Malamin ya shafa tafin hannun mutumin, sumul kamar na jariri. Ya duba gwiwarsa, babu ko kanta.

"Ai sun zo," in ji shi. "Suna neman mai durƙuso ko mai gumi, suka tarar kana minshari. Mala'iku kuwa akwai ladabi, ba su ta da mai barci. Sai suka lallaɓa gonar maƙwabcinka."