Kowa da Kwandonsa

A can wani zamani, wani mutum ya dawo daga tafiya mai nisa, ya kawo wa 'yar wansa tsarabar wasu ƙananan dabbobi biyu, masu kama da ɓera, masu gajeriyar wutsiya.

Ya ce, "'Yata, ki riƙa ba su fara da gara. Amma kowa da kwandonsa. Haka Allah ya halicce su, ba sa zama tare."

Kullum sai yarinya ta ba wannan, ta ba wancan, kowa da kwandonsa.

Wata rana tana cin tuwo a kwano ɗaya da ƙannenta, sai ta dubi kwandunan, tausayi ya kama ta. Ta ce, "Inna, 'yan'uwa ne fa! Wa ke cin abinci shi kaɗai, in ba marowaci ba?"

Inna ta ce, "Ke dai, me Baffanki ya ce?"

Da Inna ta shiga ɗaki, sai yarinya ta haɗa dabbobin a kwando ɗaya, ta zuba musu fara, ta tafi rijiya tana murna.

Da ta dawo, ɗaya ya mutu, ɗayan kuma yana lasar jini a ƙafarsa.

Da yamma aka zuba tuwo. Ƙannenta suka ce, "Yaya, bismillah mana."

Ta kasa sa hannu.