Dakan Fufu a Cikin Jirgi

"Ka kawar mata da wayar nan daga fuska, Oduro! Ba ka ga ƙara tunzura ta kake yi ba?"

"To me zan ba ta? 'Yar tsana ta yi jifa da ita, alawa ta tofar, littafin zanen ma ta yaga..."

"Da ka saurare ni, da mun ƙara wata guda a Kumasi ta saba da mu."

"Da wane hutun, Afrakoma?"

Kukan 'yarsu Serwa ya sake tashi. Tun da jirgin ya ɗaga daga Accra kalma ɗaya ce a bakin yarinyar, sunan da take kiran kakarta da shi: "Nana! Nana!" Ko rabin hanyar New York ba a yi ba, a ƙasa kuwa babu komai sai ruwan teku.

Serwa tana jaririya Afrakoma ta kai ta wurin mahaifiyarta Maame a Kumasi, kamar yadda rabin matan unguwarsu ta Bronx a New York suke yi, ta koma aikinta na kula da tsofaffi. Yanzu yarinyar ta kusa shekara uku, iyayenta kuma a fuskar waya kawai ta san su. Shi Oduro, bawan Allah, ya ɗauka jaka guda ta kayan wasa za ta cike wannan giɓin.

Abin da bai sani ba shi ne maganar da aka yi a filin jirgi. Maame ta ja 'yarta gefe, ta riƙe hannunta gam.

"Yarinyar nan jinin gidanmu ce. Idan ta ƙi ku, kada ki tilasta mata. Yaron da baƙin ciki ya yi wa yawa, kurwarsa guduwa take yi. Ki rantse min."

Ta rantse.

"Oduro..." in ji Afrakoma yanzu, a cikin jirgin. "Na yi wa Maame alkawari. Idan Serwa ba ta karɓe mu ba, zan mayar da ita. Kuma wannan karon ba zan baro ta ita kaɗai ba."

Ya juyo a hankali. "Ni fa?"

"Ban sani ba..."

"Rabin raina, ki dube ni. Ni fa?"

Ta kasa dubansa. Tana son mutumin nan har cikin ƙashinta, tana kuma tsoron 'yarta ta mace mata a hannu. Ya miƙa hannu zai ɗauki Serwa, yarinyar ta gantsare, ta buɗe baki za ta tsala ihu... ihun bai fito ba.

Shiru. Bakinta a buɗe, leɓɓanta suna canza launi, sai kawai jikinta ya saki.

"Serwa! Wayyo Allah! Oduro, ba ta numfashi!"

Ya zabura ya miƙe, kansa ya bugi ma'ajiyar jakunkuna, yana kiran ma'aikatan jirgi da wata murya da ba ta taɓa jin yana da ita ba. Afrakoma tana jijjiga yarinyar, maganar Maame ce kawai take yi mata amo a kunne. Ta gudu. Kurwar ta gudu, a nan inda babu ƙasar da za a sauka.

Wata dattijuwa da ke kujerar gefe, wadda tun ɗazu ta ce a kira ta Anti Dede, ta fisge yarinyar, ta kwantar da ita a cinya, ta hura mata iska a fuska da ƙarfi. Serwa ta ja wani dogon numfashi, ta buɗe ido.

"Shiɗewa ce, ta zuciya," in ji Anti Dede. "Ɗana na uku haka ya riƙa yi min, ga shi can yau da tumbi kamar randa. Kai kuma ɗan samari zauna, ka tsorata mu fiye da yarinyar."

Ma'aikaciyar jirgi ta zo ta duba ta, ta ajiye kofin ruwa, ta ce a kira ta idan abin ya sake. Wannan "idan ya sake" ɗin ya tsaya wa Afrakoma a ƙirji. A ranta ta riga ta gama shawara: jirgin farko da zai koma Accra, suna ciki.

Serwa ta zauna a tsakaninsu, ta gaji liƙis, tana ajiyar zuciya. Ba ta kula kowa ba. Ta jawo ɗan filon jirgin nan ta ɗora a cinya. Sai ta tsoma yatsu a kofin ruwan, ta naɗe gefen filon zuwa tsakiya, ta janye hannu da sauri. Ta jira. Ta sake tsomawa, ta sake naɗewa, ta janye.

Afrakoma ta ƙura mata ido. Ta san wannan hannun. Hannun Maame ne a bakin turmi, tana juya fufu, sakwararsu ta Ghana, tsakanin saukar taɓarya da tashinta. Yarinyar tana juyawa, amma babu mai daka mata.

"Oduro," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ɗauki gorar ruwan nan. Daka."

"Me?"

"Ka daka, na ce!"

Ya kama gorar da hannu biyu, ya sauke gindinta a kan filon. Tum! Serwa ta ɗago ta dube shi. Ta naɗe. Tum! Ta naɗe.

"A'a!" ta ce, ta ɗaure fuska. "Da ƙarfi!"

Anti Dede ta kwashe da dariya. "Ka ji ko? Amurka ta cinye maka ƙwanji. Wa zai ci fufu mai gudaji?"

Afrakoma ta sa hannu a hankali, tana jiran a ture ta. Serwa ta dubi hannun, ta kama shi, ta tsoma mata yatsu a ruwa tukuna, don ba a juya fufu da busasshen hannu. Sannan ta matsa mata wuri.

Haka suka yi ta yi, shi yana daka, su suna juyawa, har mutanen kujerun baya suka fara leƙe suna tambayar ko da miyar gyaɗa za a ci. Can Serwa ta ɗaga hannu alamar a tsaya. Ta gutsuri iska daga filon, ta mulmula da yatsu, ta dangwala a kofi, ta kai bakin Afrakoma.

"Haa..."

Afrakoma ta buɗe baki, ta haɗiye. Hawaye suka ɓalle mata.

Serwa ta karkata kai, ta goge mata kunci da jiƙaƙƙen tafinta. "Yaji ne?"

"E, 'yar albarka... yaji ne."

"Sha ruwa."

Ta sha. Yarinyar ta hau cinyarta da kanta, ta gyara zama, ta jawo filon. Oduro yana riƙe da gorar, idanunsa sun kaɗa sun yi ja, har yanzu tsoron bai bar fuskarsa ba.

"Afrakoma... za ki koma?"

Ta ɗora haɓarta a kan gashin 'yarta, ta dube shi ido cikin ido, karon farko tun da suka baro Accra.

"Ci gaba da daka, masoyi. Bai yi laushi ba tukuna."