Diyyar Ƙashin Baya

Kafin ƙarfe tara na safe, Mizani ya riga ya auna mutum ɗari biyu a ofishin jin daɗin jama'a na unguwar Rijiyar Gabas. Ba wani abin kallo ba ne, faifan gilashi ne mai faɗin faranti, manne a jikin bango. Mutum zai ɗora tafin hannunsa, gilashin ya yi ɗumi, kafin a ƙirga biyar Mizani ya leƙa abin da ya shigo hannun mutumin, da ciwon da ke jikinsa, da yawan bakin da yake ciyarwa. Daga nan sai ya yanke masa rabonsa na gwamnati: tallafin abinci, ko katin lafiya, ko duka biyun, ko babu. Shekara ashirin ke nan da kafa shi a Birnin Kwari, kuma a faɗi gaskiya ya yi aiki. Ya kashe cin hanci a layin tallafi, ya kashe zancen wa ka sani. Masu ƙera shi sun yi ta bugun ƙirji cewa daga ranar ba za a ƙara zaluntar kowa ko da na kwabo ba.

Tasi'u Lawandi ne ya matso bayan waɗancan ɗari biyun. Ya ɗora hannu yana hira da na bayansa, don abu ne da ya saba duk wata shida. Gilashin ya yi ɗumi, muryar Mizani ta fito a natse kamar kullum.

"Tasi'u Lawandi. An dakatar da katin lafiyarka na shekara huɗu da wata biyu. Ba za a sabunta maka ruwan jijiya ba."

Tasi'u ya goge hannunsa a riga ya sake ɗorawa. Ya sake jin magana iri ɗaya. Bawan Allah sai ya gwada hannun hagu, wai ko Mizani zai ɗauka wani ne daban.

Ga abin da ya sa gumi ya keto masa. Tasi'u ma'aikacin rumfar rana ne a da, wato manyan rufunan gilashin nan da suka lulluɓe birnin, suna tare zafi suna ba da wutar lantarki. Shekara uku da suka wuce, yana can sama yana ɗaure faifai, wata shirwa, irin jiragen nan marasa matuƙi da ke ɗaukar kaya, ta saki lodinta a kansa. Ya faɗo, ƙashin bayansa ya karye gida biyu. Likitoci suka dasa masa Madogari, siririn ƙarfe mai gaɓoɓi da ke bin ƙashin baya a ƙarƙashin fata, yana kai saƙon ƙwaƙwalwa zuwa ƙafafu. Da shi Tasi'u ya sake miƙewa. Sai dai Madogari yana shan wani ruwa da ake kira ruwan jijiya, ana ɗura masa duk wata shida. In wa'adin ya wuce da kwana arba'in ba a ɗura ba, ƙarfen ya bushe ya manne da jijiyoyi, kuma babu likitan da zai iya tashinsa. Kuɗin ɗuri ɗaya ya fi albashin shekara na mai aikin rumfa, shi ya sa katin lafiya ne ke biya.

Aka shigar da shi wajen Malama Hurera, jami'ar da ke sauraron waɗanda Mizani ya mayar. Tana ganinsa ta cire tabarau ta dafe goshi.

"Malam Tasi'u, ban gaya maka ba? Ranar da diyyarka ta shigo ban kira ka ba?"

"Kin kira ni, Malama."

"Me na ce maka?"

Ya sunkuyar da kai, don ya tuna sarai. Bayan shekara biyu da rabi ana jan shari'a, kamfanin rumfunan ya biya shi diyyar naira miliyan arba'in. A ranar Malama Hurera ta zaunar da shi ta yi masa bayani dalla-dalla. Doka ta ce gwamnati ba ta jinyar rauni ɗaya sau biyu: wanda aka biya diyya, daga cikinta zai yi magani har ta ƙare. Amma in ya zuba ta a asusun amana na jinya, inda ba a taɓa kuɗi sai don jikinsa, Mizani ba ya ƙirga su a dukiyarsa, katinsa zai ci gaba da aiki. Tasi'u ya yi ta gyaɗa kai yana cewa to, to, alhali hankalinsa yana gida.

Domin a gidansu Tasi'u akwai abin da suke kira rabon gida, tun zamanin kakansu. Duk wanda Allah ya buɗa wa abin da bai yi zato ba, sai babban gida ya tara dangi a zaure, a jera sunaye daga babba zuwa ƙarami, kowa a ba shi nasa. Babban gidan shi ne Baffa Maikano, ƙanen mahaifinsa. Kuma ba cin banza dangin suka zo yi ba. Shekarun da Tasi'u ya yi a kwance, su suka riƙe matarsa Sahura da 'ya'yansa uku, wannan ta aiko da tuwo, wancan ya biya kuɗin makaranta, Baffa da kansa ya yi ta kwana a benci a asibiti. Da Tasi'u ya ɗan taɓo maganar asusun amana, Baffa dariya ya yi.

"Asusun me? Kai Tasi'u, da muke kawo maka kwano, a asusu muka kulle shi? Gwamnati ta ba ka kati tun kana talaka, don ka samu ɗan abin hannu ba za ta ƙwace ba."

Sahura ta ja shi gefe ta ce ko rabi ne ya ajiye. Ya ce mata ba zai iya haɗa ido da mutane ba in aka ce ya ci shi kaɗai. Mutum talatin da ɗaya aka raba wa. Abin da ya rage masa ya kama ɗan shago da shi a bakin tasha, ya yi ta jin daɗin yadda ake sa masa albarka.

"Na rabar da su, Malama," ya ce. "Wallahi ba ni da su."

"Na sani. Amma Mizani bai san rabon gida ba. Shi dai ya ga miliyan arba'in sun shiga hannunka, ya lissafa ɗuri nawa za su biya, ya ce ka dawo bayan shekara huɗu." Ta jawo wata takarda ta tura masa. "Hanya ɗaya ta rage. Wannan takardar maido ce. Za ka rubuta sunayen duk waɗanda ka ba, ka sa hannu cewa rance ne, ba kyauta ba. Mizani zai riƙa cira kaɗan-kaɗan daga albashinsu yana zubawa a asusun amana, katinka kuwa a ranar zai dawo. Sannan akwai wani abu a..."

"In ce rance na ba su?" Tasi'u ya tari numfashinta. "Baffana? Yayata da ta sayar da awakinta saboda ni?"

Ya ninke takardar gida huɗu ya cusa a aljihu, ya yi godiya ya fita. Ta biyo shi da murya tana cewa kwana arba'in fa, bai waiwayo ba.

A gida ya gaya wa Sahura abin da ake ciki a taƙaice, ya tura takardar ƙarƙashin katifa, ya hana ta faɗa wa kowa. Sati biyun farko babu abin da ya canza, har ya fara gaya wa kansa ko likitoci tsoratarwa kawai suke yi. A sati na uku ƙafar hagu ta fara jan ƙasa. Saƙo sai ya bar kansa ya yi ta jira kafin ƙafar ta amsa, kamar mai kiran yaron da ke nesa. Ya sayi sanda ya ce wa abokan tasha targaɗe ne.

Sahura ba ta yi shiru ba. Wata rana da hantsi ta same shi yana fama da takalmi, ta durƙusa ta sa masa, ta ɗago idonta jawur.

"Baban Hansatu, don girman Allah ka sa hannu. Su ma in sun sani, su za su ce ka sa."

"Shi ya sa ba za su sani ba. Abin da na bayar da hannuna, in koma in karɓe? Da wane ido?"

"Da idon da za ka kalle ni ina ɗaga ka ina kwantarwa. Kunyar nan taka ita za ta kai ka banɗaki?"

Maganar ta soke shi, amma Tasi'u irin mutanen nan ne da in sun rasa amsa sai su ƙara taurin kai. Ya nemi rance a wurare biyu, aka ji adadin aka ba shi haƙuri. Ya sa shagon a kasuwa, kuɗin da aka taya bai kai kashi ɗaya cikin biyar na ɗuri ba. Ya riƙa cewa gobe zai san abin yi, goben kuwa tana ta zuwa tana wucewa. Ranar kwana na arba'in da ɗaya ya farka da asuba zai yi alwala, ya ce wa ƙafafunsa su sauka daga gado, ba su ji shi ba.

Abin da ya kai haka ba ya ɓoyuwa. Bayan kwana biyu Baffa Maikano ya yi sallama a ƙofar ɗaki. Ya shigo yana bin bango da hannu, ya tsaya, ya miƙa hannun gaisuwa wajen taga, alhali Tasi'u yana kwance ta ɗaya gefen.

"Baffa, ga ni nan," Tasi'u ya ce. "Me ya sami idonka?"

Tsohon ya laluba ya zauna a bakin gado.

"Ka san allurar idon da ake min duk wata. Tun watan da muka yi rabon gida aka tsayar da ita. Na ɗora hannu, na'urar nan ta ce wai na samu dukiya, in biya da kaina. Ni kuwa kuɗin tuni na zuba su a rufin gidan gado, ka san yana zuba."

"Wata bakwai, Baffa! Ba ka faɗa min ba?"

"Da wane baki? Ni na ce maka ka raba. In zo in ce alherinka ya cuce ni?" Ya share fuska da hannun riga. "Jiya nake jin wai an ba ka wata takarda ka ɓoye. Sahura, ɗauko ta ki karanta min, in ji abin da ya fi ƙafar ɗana tsada."

Sahura ta zaro ta daga ƙarƙashin katifa ta warware ninkin. Ita ma ranar ta fara ganin abin da ke ciki. Ta karanta wurin sunaye, ta karanta wurin rance, ta karanta yadda za a riƙa cira. Sannan ta kai sakin layi na ƙarshe.

"Duk kuɗin da aka mayar rance, ba za a ƙirga shi a dukiyar wanda ya karɓa ba. Duk wani tallafi ko magani da aka dakatar masa saboda kuɗin, za a mayar masa nan take."

Tasi'u ya rufe fuska da tafukansa, kuka ya ƙwace masa, irin kukan da bai yi ba ko ranar da ya faɗo daga rumfa. Kwana arba'in yana kwanciya a kan maganin idon Baffansa, yana ganin mutunci yake karewa. Nadama ta cika shi.

Waɗanda suka ƙera Mizani sun so su yi na'urar da ta san komai game da mutum, kuma ta san abin da yawa. Ta san kuɗin da suka shiga hannun kowane ɗaya daga cikin talatin da ɗayan nan, da ranar, da sa'ar. Ba wanda ya koya mata cewa akwai mutanen da za su gwammace su makance ko su gurgunce da su buɗe baki su kunyata juna, kuma ba wanda ya koya wa mutanen cewa zamanin da suke ciki ba ya jiran mai kunya.

Washegari Sahura ta ɗauko biro ta sa masa a hannu, ya rubuta sunayen duka, ya sa hannu. Kafin azahar katinsa ya dawo, na Baffa ma ya dawo. Likitan ido ya duba tsohon ya ce na dama ya tafi, na hagu za a gwada. Likitan Madogari kuwa ya ɗora na'urarsa a bayan Tasi'u, ya daɗe yana kallon allo, sannan ya tambayi Sahura faɗin ƙofar ɗakinsu, don ya san irin keken guragun da zai rubuta musu.