Gidan da Baffa Ya Sayar Ba Nasa Ba Ne

Kwana arba'in bai cika da rasuwar mahaifinta ba aka watso wa Auta kayanta waje! Ga katifa a kwata, ga keken ɗinkinta kife a bakin titi, ga atamfofin jama'a da ta karɓa don ɗinki suna shan ruwan sama. Baffa, ƙanin mahaifinta uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne tsaye a bakin ƙofa yana kaɗa wata takarda.

"Baffa, don girman Allah! A nan aka haife ni, a wancan ɗakin na yi jinyar Baba shekara huɗu... ina zan nufa?"

"Ke kika sani! Ubanki ya sayar mini da gidan nan tun yana raye, ga sa hannunsa. Ni kuma na sayar wa mai kemis. Ki kwashe tsummokaranki!"

Wayyo maraici! Ta je wajen dangi, kowa ya sunkuyar da kai, don Baffa ya riga ya zagaya yana cewa ita ta wahalar da tsohon har ya mutu. Masu kawo mata ɗinki suka janye kayansu. Da ta koma ɗaukar hoton mahaifiyarta da ya rage a bango, Baffa ya kira 'yan sanda wai ta fasa gida, ta wuni a bayan kanta tana rawar sanyi. Wata tsohuwa mai wanki ce ta ba ta tabarma a kusurwar ɗakinta. Kullum Auta na kan sallaya, hawaye na ɗiga. "Ya Allah, Kai ne shaidata... ba ni da kowa sai Kai."

Ranar wata Talata da hantsi, sai ga mota ta tsaya a ƙofar mai wanki. Mai kemis ne ya fito, yana haki, hula a karkace. Auta ta ɗauka wata sabuwar masifar ce.

"Baiwar Allah, taso! Taso mu tafi ofishin filaye yanzu-yanzu! Na je a mayar da gidan sunana, sun ce wanda ya sayar mini ko bulo ɗaya ba shi da shi a ciki!"

Ba ta san yadda ta sa takalmi ba. A ofishin, wata ma'aikaciya mai gilashi ta kakkaɓe ƙurar wani fayil ta buɗe a gabanta. "Shekara uku ke nan mahaifinki ya zo nan a keken guragu, da lauya da shaidu biyu, ya mallaka miki gidan kyauta. Ni na karɓe shi. Hannunsa ya shanye, ko biro ba ya iya riƙewa, sai yatsa ya dangwala. To, wa ya yi wannan kyakkyawan sa hannun a takardar baffanki, wata shida da suka wuce?"

Auta ta tuna ranar. Mahaifinta ya ce mata asibiti maƙwabci zai kai shi, ta zauna ta huta! Ta kifa fuska a kan fayil ɗin ta fashe da kuka. "Baba... ashe ka san za a yi haka... Baba!" Har mai kemis sai da ya juya baya yana goge ido.

A kotu abin bai ɗauki lokaci ba. Shaidu suka zo, likita ya kawo takardar jinya, wanda ya buga takardar bogi ya tona komai. Alƙali ya soke cinikin, ya ce Baffa ya mayar wa mai kemis kuɗinsa, sannan ya tafi gidan yari shekara biyar. Kotu ta kaure da kabbara, mai wanki ta rungume Auta tana tsalle kamar yarinya!

Da za a wuce da shi, Baffa ya zube a gabanta, ankwa a hannu. "Auta, ki sa baki... ni fa ƙanin ubanki ne!"

Ta dube shi, hawaye na bin kumatunta. "Na sani, Baffa. Shi ya sa abin ya fi ciwo."

Magatakarda ya miƙa mata makullai. Ta damƙe su a ƙirji, ta fita da sauri, ta nufi gida.