Hannun da Aka Ɗaure

A tashar motar Nguru suka fara haɗuwa, ranar kasuwa. Wata mai sayar da fura, Sabuwa, na zuba wa wani fura, sai mai babur ya goge ta, ludayin ya zame. Kafin ya kai ƙasa ta cafe shi da hagu. Ta yi maza ta mayar da shi dama, tana waige-waige kamar wadda ta yi sata.

Wani saurayi da ke kan benci ya yi dariya.

"Ashe ke ma tamu ce."

"Ban gane ba," ta ce, kanta a sunkuye.

"Bahaguwa mana. Kada ki ɓoye, ni ma da shi nake neman abinci."

Sunansa Mahfuz, ɗan masuntan Gashuwa, kuma ɗan dambe. A dambe hannun da ya fi ƙarfi ake naɗewa da zare a kai naushi, ɗayan a buɗe shi a kare fuska. Shi hagu yake naɗewa. Makaɗa na kiransa Bahago. Masu ɗaukar bidiyo da suka zo daga Abuja suka laƙaba masa Lefti, wai haka Turawa ke kiran 'yan wasa irinsa, sunan ya bi shi har cikin wayoyin mutane.

Ya sha fura, ya tafi da lambarta.

"Bahaguwata, yau na kayar da ɗan Dapchi. Ke ce a raina da na kai hannun," ya rubuto mata.

"Allah ya tsare min kai, Leftina. Amma ka daina kirana haka, Baffa na iya gani."

Baffanta, Malam Yuguda, dillalin shanu ne. Tana ƙarama ya sa aka riƙa ɗaure mata hagu a ƙugu da igiyar maraƙi, har ta koyi shara da tuƙin tuwo da dama. A wurinsa duk abin da hagu ya taɓa albarka ta fita.

Ranar da Mahfuz ya zo gaisuwa, tun a mota yake tuna wa kansa: dama, dama. Ya gaisa da dama, ya ajiye goro da dama. Aka kira Sabuwa ta kawo fura. Ta durƙusa, ƙwaryar ta karkata za ta zube a rigar Baffa. Mahfuz ya tare ta. Da hagu.

Baffa ya karɓi ƙwaryar, ya tuntsurar da furar a ƙasa.

"Da wannan hannun kake tare min abinci, yaro?"

"Baba, faɗuwa za ta yi."

"Da ka bar ta ta faɗi. Na sha wahala kafin in gyara yarinyar nan. Ba zan kai ta inda za a haifa min jikoki masu miƙo min hagu ba. Ga Ridwanu ɗan abokina yana nema. Shi ma damben yake yi, amma da dama, kamar mutane."

Sabuwa ta ɗauki ƙwaryar ta koma ciki.

Kafin motar Mahfuz ta bar Nguru saƙonsa ya shigo wayarta. "Kina durƙushe aka zubar da mutuncina, kika yi shiru. In kunyata kike ji, ki faɗa min."

Ta zame awarwaronta, ta ɗauki hoton tabon igiya da ya zagaye wuyan hannunta, ta tura masa. "Ba kunyarka nake ji ba, masoyina. Tsoro nake ji."

Mahfuz ya turo manyansa suka yi ta sintiri, har Baffa ya gindaya sharaɗi. A damben kaka na Nguru, Mahfuz ya naɗe dama ya kara da Ridwanu. Ko ya ci ko bai ci ba, in dai ya nuna ya bar hagu a bainar jama'a, za a ba shi Sabuwa.

Ta kira shi tana kuka. "Kada ka shiga. Damanka bai san hanya ba."

"To in bar ki?"

Ranar damben, ya naɗe dama.

Da ya shigo fili, 'yan kallo suka ɗauki ihu. "Lefti, ka yi kuskuren hannu! A sake masa naɗi!" Bai kalle su ba. Ya buɗe hagunsa yana kare fuska.

Ridwanu bai nemi fuskar ba. Hagun ya yi ta nema, ya auna shi sau da yawa har ya same shi a wuyan hannu. Na kusa sun ji ƙarar. Mahfuz bai faɗi ba, ya tsaya da hannun yana lilo har aka raba su.

Mai ɗori a Jajimaji ya yi iya ƙoƙarinsa, amma ƙashin ya kama a karkace. Hannun ba ya dunƙulewa, ba ya jan komar kamun kifi. Masu bidiyo suka koma bin Ridwanu.

"Yanzu ya zama mutum," in ji Baffa, ya sa ranar aure.

Aka ɗaura, aka yi addu'a, aka kai amarya Gashuwa ana guɗa. Sabuwa ta yi kuka a mota, ƙawaye suka ɗauka na rabuwa da gida ne.

Washegari da hantsi ta same shi zaune bakin gado yana kallon hannun. Ta ɗauko man shanu, ta cire awarwaron ta ajiye. Ta laƙato man da hagunta, ta kama nasa tana murzawa a hankali.

"Amarya, da hagu? Baffa zai gani."

"Baffa yana Nguru." Ta ɗago ta dube shi ido cikin ido, karo na farko. "Ka yafe min, Leftina."

"Babu Lefti yanzu."

"Akwai. Ga hannuna, mu raba."

Ya yi murmushi, idonsa ya ciko. "Allah ya ba mu zaman lafiya da 'ya'ya masu albarka."

"Amin."

"In kuma sun zo da hagu fa?"

"Za su ci abinci da dama, kamar yadda addini ya koyar," ta ce. "Sauran kuwa, babu igiya a gidan nan."